Labarin Gadar Owl Creek: ta ina zan kama nazarin lokaci, gani da zahiri?

Ɗaliba_Aji_Biyu:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. An ba mu aikin nazari a kan gajeren labarin Ambrose Bierce mai suna "An Occurrence at Owl Creek Bridge", wanda aka gina a kan yaƙin basasar Amurka. Ana so mu tattauna yadda marubucin ya sarrafa jigogi uku: lokaci, yadda mutum ke ganin abu a cikin kansa, da kuma zahiri. Shafi biyar ake buƙata.

Labarin kansa na fahimce shi. Sojojin Arewa za su rataye wani mai gandu, Peyton Farquhar, a kan gadar jirgin ƙasa. Igiya ta tsinke, ya faɗa ruwa, ya tsere wa harsasai, ya yi tafiyar yini da kwana har ƙofar gidansa. Yana miƙa hannu zai rungumi matarsa sai a ce mana ai ya mutu, gawarsa na lilo a ƙarƙashin gada.

Matsalar ita ce, da na fara rubutu a kan lokaci sai in tsinci kaina a cikin maganar gani, in na koma kan zahiri kuma sai in maimaita abin da na riga na faɗa. Ta yaya ake raba su? Sannan akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya: anya wannan ƙarshen ba wayon nan ba ne na "ashe mafarki ne", wanda malamai ke hana mu yi a namu rubutun? Don Allah a taimaka da hujjoji daga cikin labarin.

Mai_Alli:

Wa alaikumus salam, malama. Maimaitawar da kike gani alama ce ta cewa kin karanta labarin daidai, tsarin takardar ne bai dace ba. Jigogin nan uku ba sa rabuwa a wannan labari, domin dabara ɗaya ce ta haife su: duk sanda mai ba da labari ya matsa kusa da kan Farquhar, lokaci ya miƙe, gani ya ƙaru, zahiri ya ja baya. Saboda haka kada ki yanka takardar gida uku bisa jigo. Bi labarin sashe-sashe, ki nuna inda mai ba da labari yake tsaye a kowane wuri, da abin da hakan ya yi wa agogo.

Fara da wannan aikin kafin ki rubuta ko layi ɗaya. Ɗauki takarda, ja layi a tsakiya. A dama ki jera abubuwa yadda suka auku, a hagu yadda aka ba mu su.

Yadda suka auku: wani soja sanye da kaki ruwan toka ya tsaya ƙofar gidan Farquhar neman ruwa, ya kwaɗaita masa ƙona gada, Farquhar ya je, aka kama shi, aka tsayar da shi a kan wani falanki a gada, sajan da nauyinsa ke riƙe da falankin ya matsa gefe, Farquhar ya faɗa, ya mutu. Yadda aka ba mu: sashe na ɗaya shi ne tsayuwar kan gada, na biyu waiwaye ne zuwa ziyarar sojan, na uku faɗuwa da gudun da bai auku ba. Ki lura cewa zuwansa gadar da kama shi babu su ko kaɗan a labarin. Abin da a wani labarin yaƙi zai zama ƙashin baya, wato ɓarnar da ya je yi da yadda asirinsa ya tonu, Bierce ya tsallake shi gaba ɗaya, ya zuba kalmominsa a kan abin da bai faru ba. Wannan kaɗai ya isa sakin layi guda a takardarki.

Wurin da aka sa waiwayen kuma ba a banza ba ne. Jimlar ƙarshe ta sashe na ɗaya ita ce sajan ya matsa gefe. Ma'ana falankin ya ɗaga, mutum yana cikin iska. A daidai nan marubucin ya bar shi ya ɗauke mu zuwa wani maraice a baya, muna kallon mata na ɗebo wa baƙo ruwa. Kafin mu dawo, lissafin lokacin da muke riƙe da shi ya kuɓuce, shi ya sa ba mu yi gardama ba da aka ce mana Farquhar ya farfaɗo bayan abin da ya ji kamar shekaru aru-aru.

Yanzu lissafi, domin shi ne zai ba takardarki nauyi. Labarin ya ce an ɗaura igiyar a wani katako da ke saman kansa, kuma sakwarkwacewarta ta sauko har gwiwarsa. Daga wuya zuwa gwiwa kusan mita ɗaya ne, igiyar kuma sai ta sauka ta sake hawa, don haka faɗuwar da zai yi kafin ta miƙe ba za ta wuce kimanin mita 2 ba. Abin da aka saka daga tsawon mita 2 yana ɗaukar kusan sakan 0.6 kafin ya kai. Ko da a ce ruwan zai faɗa kai tsaye, wanda labarin ya ce yana ƙafa 20 a ƙasa, wato mita 6, da kaɗan zai haura sakan ɗaya. Ki rubuta wannan a matsayin kiyasi, ki nuna inda kika samo shi.

Sai ki ajiye agogo uku kusa da juna. Agogon gada: bai cika sakan ɗaya ba. Agogon mai karatu: labarin duka bai kai kalmomi 4,000 ba, sashe na uku ya cinye fiye da rabi, karanta shi a natse yakan ɗauki minti goma ko fiye. Agogon kan Farquhar: yini guda da dare guda, da tafiyar mil 30, kusan kilomita 48, wadda ita ce tazarar da sojan ya ce tana tsakanin gidan da gadar. Masanin adabi ɗan Faransa Gérard Genette ya yi bayani a 1972 a kan bambancin lokacin da abu ya ɗauka a cikin labari da yawan rubutun da aka kashe masa. Idan malaminku yana son a jingina da wani ra'i, wannan ne ya fi dacewa, amma layi biyu sun isa, kada ya cinye miki shafi.

Abu na gaba da ɗalibai suka fi tsallakewa: miƙewar lokaci ba a sashe na uku ta fara ba. Tun yana tsaye a kan falanki aka gwada mana ita sau biyu. A farkon labarin mai ba da labari ya kira ruwan mai saurin gudu. Can gaba kaɗan Farquhar ya hangi wani guntun icce yana bin ruwa, ya yi mamakin yadda yake jan jiki, har ya ce a ransa wannan rafi akwai nawa. Ruwa ɗaya, shaida biyu masu karo da juna, kuma ba a faɗa mana wa za mu gaskata ba. Na biyu shi ne ƙarar da ya fara ji bayan ya rufe ido, kamar maƙeri na dukan uwar maƙera. Tazarar da ke tsakanin bugu da bugu ta yi ta ƙaruwa, ƙarar kuma tana ƙara kaifi har tana sukar kunnensa. Daga baya aka ce mana agogon aljihunsa ne. Agogo ba ya rage gudu, kunnen mai jiran mutuwa ne ya sauya. Wannan ɗan wurin ƙaramin samfuri ne na labarin baki ɗaya: an bar mu cikin ruɗu na ɗan lokaci, sannan aka warware da gajeriyar jimla busasshiya.

Game da tsoronki na wayo, ga amsar da ta fi kowace ƙarfi. Kafin sajan ya matsa, Farquhar ya yi wani tunani: da zai iya kwance hannuwansa, da ya cire zargen, ya faɗa ruwa, ya yi nutso ya kauce wa harsasai, ya yi iyo zuwa gaɓa, ya shiga daji, ya isa gida. Ki ƙirga su, ki buɗe sashe na uku. Abin da ya faru ke nan, kusan a jeren da ya tsara shi. Nan take kuma mai ba da labari ya ƙara da cewa tunanin nan walƙiya ya yi a ƙwaƙwalwar mutumin, rubutu ne kawai ya tilasta a jera shi kalma bayan kalma. Marubucin da ya gaya miki ƙarara cewa tunani ya fi rubutu sauri, ya kuma ba ki taswirar gudun tun kafin a fara, bai yaudare ki ba. Mu ne muka so mutumin ya tsira.

Gwaggo_Mai_Nazari:

Malam Mai Alli ya gama da agogo, bari in ɗora a kan ido. 'Yata, ki sami alƙalami kala uku ki bi labarin. Kala ɗaya ga jimlolin da kowa da ke tsaye a bakin rafin zai iya shaidawa. Ta biyu ga abin da Farquhar kaɗai ke ji ko gani amma mai yiwuwa ne. Ta uku ga abin da ba zai yiwu ga ɗan'adam ba. In kin gama, ki ɗaga shafukan ki kalla daga nesa, tsarin takardarki zai fito da kansa.

Rabin farko na sashe na ɗaya duk kala ta farko ce. Mai magana kamar wani jami'i ne ke rubuta rahoto: farabiti biyu, saja ɗaya, kyaftin, mai gadi a kowane bakin gada, kamfanin sojan ƙasa a jere da laftanan ɗinsu, bakin igwa yana leƙowa ta shingen katako. Har yadda aka riƙe bindiga an bayyana, da yadda falanki ɗaya ya ratsa katakan layin dogo uku, mai laifi a wannan baki, saja a wancan, nauyin sajan ne kaɗai ke riƙe da shi. Ko sunan mutumin ba a ambata ba, "wani mutum" ne kawai, sai a sashe na biyu muka san sunansa. Amfanin wannan sanyin murya shi ne ta sayi amincewarmu. Wanda ya ƙirga mana katakai ba ma zaton zai bar mu mu yi ta bin ruɗu. Da wannan amanar aka ci mu a gaba.

A sashe na uku kala ta uku za ta fara ɗigowa kaɗan-kaɗan, ta ƙare da mamaye shafi. Ga waɗanda ya kamata ki kawo, ba sai duka ba. Mutumin da ya fito daga ƙarƙashin ruwa da wuya a kumbure yana ganin jijiyoyin ganye ɗaya-ɗaya a bishiyoyin gaɓa, da ƙwarin da ke kansu, da launukan da ke cikin raɓa a kan ciyawa. Yana jin motsin ƙafafun ƙwarin da ke tafiya a kan ruwa. Daga cikin rafi ya hangi ƙwayar idon mai gadin da ke kan gada ta cikin saitin bindiga, har ya gane launinta. A ƙarƙashin ruwa harsasai na sauka a hankali, ɗaya ya maƙale tsakanin wuyan rigarsa da fatarsa da ɗuminsa, ya sa hannu ya cire. Kamfani guda ya yi harbi, an harba igwa, ko ƙwarzane babu.

Amma alamun da suka fi daraja su ne waɗanda ke da fuska biyu, wato abin da Farquhar ya fassara da gudu alhali rataya ce ke aiki a jikinsa. A farkon sashen ya ji yana lilo daga wannan gefe zuwa wancan, irin na abin nan da ke kaiwa da komowa a cikin agogon bango, kuma da lilon gawa aka rufe labarin. Da hannuwansa suka cire zargen, maimakon sauƙi sai ya ji azabar da ta fi duk ta baya, har ya yi zaton yana yi musu tsawa su mayar. Hannuwan ma kallonsu yake yi kamar ba nasa ba. Can kusa da ƙarshe, a kan hanya, wuyansa ya kumbura, idanunsa sun cika ba sa rufuwa, harshensa ya kumbura ya zaro shi tsakanin haƙora, wai don ƙishi, sannan ya daina jin ƙasa a ƙarƙashin ƙafafunsa, ya ɗauka laushin ciyawa ne. Ki karanta wannan jeren ba tare da fassarar Farquhar ba, ki ga hoton me ya rage. A ganina nan ne zuciyar takardarki: jiki yana aika saƙon gaskiya, ƙwaƙwalwa tana karɓa tana saka masa wata riga.

Dajin ma ya cancanci a tsaya a kansa. Mutumin da gidansa ke yankin yana mamakin ashe a irin wannan ƙungurmin daji yake zaune. Hanya faffaɗa miƙaƙƙiya, babu gona, babu gida, ko haushin kare babu. Bishiyoyi baƙaƙe sun yi bango dama da hagu sun haɗe a wuri ɗaya can gaba, kamar zanen koyar da ɗalibai. Taurarin sama ba waɗanda ya sani ba ne, kuma yana jin raɗa da wani harshe da bai sani ba. Ki lura da yadda ganin ya juya: a rafi komai ya yi yawa, launi da ƙara sun cika, a hanya kuma duniya ta tsiyaye ta koma layi da duhu. Ana iya karanta wannan a matsayin hankalin da ke mutuwa sannu a hankali.

Kada ki manta da nahawu. Labarin duka da shuɗaɗɗen lokaci aka ba da shi, sai a ƙofar gida kwatsam aka koma lokaci mai ci: yana tsaye, yana gani, tana saukowa. Inda ruɗu ya kai ƙololuwa nan ne harshen ya fi kusantar da mu. Jimlar ƙarshe ta dawo da shuɗaɗɗen lokaci da muryar rahoton nan ta farko, har da cikakken sunansa kamar a takardar shaidar mutuwa.

Gargaɗi ɗaya. Akwai gajeren fim da Robert Enrico ɗan Faransa ya yi a kan labarin, wanda ya ci kyauta a bikin fina-finai na Cannes a 1962, daga baya ya ci Oscar. Yana da kyau, amma babu ziyarar sojan nan a cikinsa, kuma sauyin nahawu ba abu ne da kyamara ke nunawa ba. Mai duba takarda yana gane ɗalibin da ya tsaya a fim tun daga shafin farko.

Ɗan_Tarihi:

Gwaggo, Allah ya ƙara basira, sai dai ina da ɗan ja. Idan aka bi shawarwarin nan biyu kaɗai, takardar za ta fito kamar nazarin ƙwaƙwalwar kowane mutum da ke bakin mutuwa, a manta cewa wannan wani mutum ne takamaimai a cikin wani yaƙi takamaimai. Ruɗun Farquhar bai fara a kan gada ba. Da shi ya zo.

Ƙanwata, koma sashe na biyu ki karanta da kunnen mai neman gugar zana. Farquhar ɗan babban gida ne a Alabama, mai bayi, mai goyon bayan ɓallewar Kudu. An ce wasu dalilai masu ƙarfi da ba sai an faɗa ba sun hana shi shiga soja, kuma wannan "ba sai an faɗa ba" ɗin habaici ne. Yana zaune a gida yana mafarkin ɗaukaka da ranar da zai nuna bajinta, yana ɗaukar kansa soja a zuci. Bai san yaƙi ba sai a labari. Shi ya sa da baƙo ya ce ambaliyar bara ta tara itatuwa a jikin ginshiƙin gada, sun bushe, kuma mai gadi ɗaya ne a wannan ɓangaren, bai tsaya tambayar kansa dalilin da ya sa ake kwance masa wannan bayani haka a sauƙaƙe ba. An ma gaya masa ƙarara cewa an kafa sanarwa: duk farar hular da aka kama yana taɓa layin dogo, gada ko jirgi, rataya ce nan take. Ya yi murmushi. Jimlar ƙarshe ta sashen ta ce baƙon ɗan leƙen asirin sojojin Tarayya ne, wato na Arewa. Kakin ruwan toka na Kudu da ya gani ya isa ya rufe masa ido.

To ki duba irin gudun da ƙwaƙwalwarsa ta ƙaga masa. Gudun jarumin littafi ne: yana cikin ruwa yana lissafin dabarun soja, yana hasashen irin harsashin da za a ɗura wa igwa a karo na gaba, yana tuna ya taɓa karanta cewa gwanayen harbi masu idanu ruwan toka ne. Shi kansa a sashe na ɗaya an ce idanunsa ruwan toka ne masu duhu. Kaki ruwan toka, ido ruwan toka a bayan bindiga, nasa idon ruwan toka. Wasu manazarta na cewa kansa yake gani a wurin maharbin. Ko ba ki kai nan ba, maimaituwar launin ta cancanci ambato.

Me ya sa Bierce zai yi wa irin wannan mutum haka? An haife shi a 1842, ya shiga rundunar Arewa a 1861 cikin rejimanti ta 9 ta Indiana, ya ga yaƙin Shiloh a 1862 da na Chickamauga a 1863, aka harbe shi a ka a Dutsen Kennesaw a watan Yunin 1864. Aikin zana taswirar fagen fama ya yi a ƙarƙashin Janar William Hazen, kuma ana ganin hannun mai taswira a yadda ya auna gadar nan. Akwai rafi na gaske mai suna Owl Creek a gefen filin Shiloh a jihar Tennessee, shi kuwa labarin a arewacin Alabama aka ajiye shi, don haka kada ki rubuta cewa tarihin wani abu ne da ya auku. Labarin ya fara fitowa a jaridar San Francisco Examiner a 1890, shekara 25 bayan ƙarewar yaƙin, a zamanin da ake ta ƙawata yaƙin da labaran jarumta. Wanda ya ga gawarwakin Shiloh da idonsa ne yake rubuta wa masu karatun da suka saba jarumi ya tsira. Ya ba su tsirar da suke so shafi bayan shafi, ya karɓe ta a layi biyu.

Ki yi hattara da tarihin rayuwarsa dai. Ɓacewarsa a Meziko a ƙarshen 1913 labari ne mai daɗi, ɗalibai na son cusa shi, amma ba ya ƙara komai a wannan tambaya.

Ɗaliba_Aji_Biyu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Amma na ga kamar maganar Malam da ta Gwaggo sun ɗan saɓa. Idan komai ya faru a ƙasa da sakan ɗaya kafin igiya ta miƙe, ta yaya zai ji shaƙa da lilo da kumburin harshe? Ai waɗannan sai bayan igiyar ta kama wuya. Wanne zan ɗauka?

Mai_Alli:

Madalla, wannan tambayar ta fi wadda aka ba ku. Karatu biyu ne, kuma kowanne yana da madogara a cikin rubutun.

Na farko ya ce ruɗun duka ya auku ne a cikin faɗuwar, dukan da ya ji a ƙeya da farin haske da ƙara kamar ta igwa kuma shi ne lokacin da igiya ta miƙe wuya ya karye. Hujjarsa ita ce jimlar ƙarshe ta ambaci karyayyen wuya, kuma karyewar wuya a irin wannan faɗuwa a daidai miƙewar igiya take aukuwa. Rauninsa shi ne abin da kika gano.

Na biyu ya ce igiya ta miƙe tun a farkon sashe na uku, inda aka ce ya suma sannan matsi a maƙogwaro ya farkar da shi, sauran kuma tunanin mutum ne da ke shaƙewa yana lilo, wanda zai iya ɗaukar sakanni masu yawa. Wannan ya fi dacewa da alamun jikin da Gwaggo ta jera, har da yadda ganinsa ya dusashe a hankali. Rauninsa shi ne sai ya nemo bayanin dukan ƙarshen nan a ƙeya, wanda ya zo kamar sabon abu.

Ni na fi karkata ga na biyu saboda alamun sun yi yawa kuma sun zo a jere, amma ba dole ki bi ni ba. Abin da zai rage miki maki shi ne ki faɗi ɗaya kamar babu ɗayan. Kawo su duka a sakin layi guda, zaɓi naki, faɗi dalili. Lissafin sakan 0.6 yana nan da amfaninsa a matsayin mafi ƙarancin lokaci, domin ko an ɗauki karatu na biyu, tazarar da ke tsakanin 'yan sakanni da yini da kwana ba ta ragu da wani abin kirki ba.

Wata ƙila ki ci karo da masu kawo kimiyya don su gaskata labarin. A 2007 masanin ƙwaƙwalwa David Eagleman da abokan aikinsa a Amurka sun saki mutane daga tsawon mita 31 zuwa cikin raga, da wata na'ura a wuyan hannu mai walƙa lambobi da saurin da ido ba ya kamawa. Mutanen sun kiyasta faɗuwarsu ta fi ta wasu tsawo da kusan kashi ɗaya cikin uku, amma ba su iya karanta lambobin fiye da yadda suke iyawa a ƙasa ba. Masu binciken suka ce tsawon yana samuwa ne wajen tuna abin daga baya, ba a lokacin da yake faruwa ba. Idan za ki ambace shi, ki yi da kula, domin bai goyi bayan labarin kai tsaye ba: Farquhar ba shi da wani "daga baya" da zai yi tuni a cikinsa, kuma kashi ɗaya cikin uku ina, yini da kwana ina. Abin da Bierce ya yi dabarar adabi ce, da ma'aunin adabi za a auna ta.

Ga yadda zan raba shafi biyar ɗin: rabin shafi na gabatarwa da ke faɗin matsayarki a jimla ɗaya, shafi ɗaya ga sashe na ɗaya da agogon aljihu da taswirar gudu, kusan shafi ɗaya ga sashe na biyu bisa abin da Ɗan Tarihi ya kawo, shafi biyu cur ga sashe na uku, ragowar ga saɓanin karatun nan biyu. Taƙaita labari kada ya wuce layi biyar, mai dubawa ya san labarin. Duk ɗaukowar da za ki yi daga rubutun ta zama gajeriya, ki sa lambar sashe a gefenta, tunda bugu-bugun labarin sun sha bamban a lambar shafi.